Injin Ya Ce Lafiya

Argungu,
20 ga Agusta, 1989.

Zuwa ga ɗana Maliki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ƙafata ta yi sauƙi, har ina iya takawa zuwa maƙwabta. Ƙanwarka Sadatu ta yi zazzaɓi a makon jiya, ta warke, tana gaishe ka.

Tun da ka koma Birnin Kebbi bayan Babbar Sallah ban ga takardarka ba. Dankure direba yana bin hanyar nan kullum, ya san ƙofar gidanmu, ya san ɗakinka a unguwar Badariya. Saboda haka ba rashin ɗan aike ba ne. Na lura tun da aka ɗora ka a kan injin nan da kuke kira kwamfuta, ka soma ganin kamar mu ya kamata mu riƙa nemanka. Ubanka, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gwamnati har ya bar duniya, bai taɓa barin wata ya ƙare bai gaida uwarsa ba. Ka kula da sallar asuba. An ce mini samarin gidan da kake haya sai rana ta fito suke tashi. Ban ce kai ba, amma ina ji.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawunka Labbo ya zo daga Gulma ran Juma'a. Ka san bana ni na matsa masa ya bar tsohuwar shinkafarmu mai tashi da ruwa, ya shuka gajeren irin nan da malaman gona suka kawo, don ya fi tsaba kuma yana nuna da wuri. Ta yi kyau ƙwarai, ta riga ta fitar da kai. Amma gajera ce. In gulbi ya hau fadama ya rufe kanta, shi ke nan. Kuma ka san daga gonar nan gidansa da gidan nan suke ci tun rasuwar ubanka.

Ya zauna a tabarma ya ce mini, “Asiya, ruwan bana ban gane mai ba. In shina tahowa, in sa lauje tun tana ɗanya in samu ko rabi. In ba shi tahowa, in bari ta nuna. Ba ɗanki ka aiki wurin masu awon gulbi ba? Ki tambaye shi mana. Ko karatun nai na banza na?”

Na ce masa ba na banza ba ne. To, kada ka ba ni kunya. Ka rubuto mini: ruwa zai hau fadama ko ba zai hau ba?

Mahaifiyarka,
Asiya.

Badariya, Birnin Kebbi,
24 ga Agusta, 1989.

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Na ji daɗin labarin ƙafarki. Ki gaida Sadatu, ki ce mata ta riƙa shiga gidan sauro ko da zafi. Ki yafe mini shirun da na yi, aiki ne ya yi yawa. Asuba kuwa ba ta wuce ni.

Inna, bari in bayyana miki yadda abin yake, don ki san iyakar abin da zan iya faɗa. A can saman gulbi, tun kafin ya gangaro Argungu, akwai wurare da dama da aka kafa sanduna masu lamba a cikin ruwa. Kowace safiya masu gadinsu suna duba inda ruwa ya kai, su faɗo mana ta rediyon oba-oba. Abokiyar aikina Hauwa'u ce ke buga lambobin cikin inji. Ni kuma na rubuta masa umarnin da yake bi: ya ɗauki abin da aka buga, ya gwada shi da ƙafa tara, wato iyakar haɗari. In ruwa ya wuce tara, ya rubuta HAƊARI. In bai wuce ba, ya rubuta LAFIYA. Wannan takarda ce ake kai wa shugabanmu, shi kuma ya sa a yi sanarwa. Ruwan da aka auna a can yakan yi kwana uku ko huɗu kafin ya iso fadamarku.

Har yau LAFIYA yake rubutawa. Amma da rani aka kawo mana injin, ban taɓa ganin aikinsa da babban ruwa ba. Ko a watan jiya sai da na taɓa umarnin. Wasu ranaku oba-oba ba ta kamawa, Hauwa'u ta buga “babu” a gurbin lamba, sai injin ya ƙi karɓa ya tsaya cak, ta koma tun farko. Ranar nan har kuka ta kusa yi. Sai na canza shi ya riƙa karɓar duk abin da ta buga a matsayin rubutu, ko lamba ko kalma. Yanzu ta samu sauƙi, har ta kawo mini ƙosai don godiya.

Saboda haka ki gaya wa Kawu, a yau babu alamar haɗari. Gobe kuwa ban sani ba. Kuma ni kaina ban gama yarda da injin ba tukuna.

Ɗanki,
Maliki.

Argungu,
29 ga Agusta, 1989.

Maliki,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya shekaranjiya, katangar bayan gida ta tsage, na sa an tokare ta.

Na karanta takardarka sau biyu, ban sami amsata ba. Na tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni “babu haɗari”, ka ba ni “ban sani ba”, ka ƙara da “ban yarda ba”. Wanne zan ɗauka in kai Gulma? Shekarun da na yi ina koyar da yara, ban taɓa ba da maki ga wanda ya rubuta amsa biyu don ɗaya ta faɗa daidai ba. Wannan ba tawali'u ba ne, tsoro ne. Mutum ya ƙi tsayawa a kan magana don kada a kama shi da ita gobe. Ban haife ka da baki biyu ba. Gwamnati ba ta sayi inji daga ƙasar waje don ya ce bai sani ba, kuma ba ta ba ka kujera don ka riƙa shakkar aikin hannunka ba. In ka yi aikin da kyau, ka tsaya a kansa. In ba ka yi da kyau ba, wannan wata magana ce, ka faɗa mini.

Sai magana ta biyu. Wace ce Hauwa'u? Ɗiyar wa ce? Na ƙirga, sunanta ya fi na kawunka yawa a takardar. Mace ta kusa kuka, ka juya aikin gwamnati don ta ji daɗi, ta kawo maka ƙosai, kai kuma ka ci, har kana ba uwarka labari ba kunya. Haka ake somawa. Ba na hana ka aure, amma ba a ofis ake ɗauko mata a kawo mini ba. Ka rubuto mini sunan ubanta da garinsu.

Kawunka ya sake aiko Inno, matarsa. Ta ce kullum da safe sai ya wasa lauje ya rataye, da yamma ya sauke ya duba. Ta ce, “Yaya Asiya, mutumen ga ba shi barci, ni ma ya hana ni. Ku ce mai wani abu, ko ƙarya ta.” Na ce mata a gidan nan ba a ƙarya.

Ina jiran kalma ɗaya.

Mahaifiyarka,
Asiya.

Birnin Kebbi,
4 ga Satumba, 1989.

Inna,

Injin ya ce lafiya. Yau ruwa yana ƙafa takwas a sama, bai kai tara ba. Kawu ya bar shinkafarsa ta nuna. Duk ranar da takarda ta fito da HAƊARI, a ranar zan aiko da Dankure, ko me nake yi.

Hauwa'u abokiyar aiki ce kawai. Ina sauri, mota za ta tashi.

Maliki.

Argungu,
8 ga Satumba, 1989.

Maliki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Mu ma muna lafiya, Sadatu tana gaishe ka. Ka ga yadda ake buɗe takarda ko? Taka ta zo mini ba sallama, ba gaisuwa, ba tambayar jikina, kamar wadda ake aika wa masinja. Ko wuta ce ta kama ofishinku, uwarka ce, sai ka gaishe ta kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai. Kada in sake ganin irinta.

Amma ka yi magana ɗaya, wannan na yaba. Na hau mota da kaina na je Gulma duk da ƙafata. Na tarar da kawunka a bakin gona. Maliki, da ka ga shinkafar nan! Ta sunkuyar da kai, ta soma ja daga gefe, tsuntsaye sai kewaya suke yi. Na karanta masa takardarka da ƙarfi, a gaban maƙwabtan gonarsa, su Malam Illo da Tamba. Ya yi dariya har yana tari, ya ce, “To, lauje, koma ɗaka. Ɗan ƙanwata ya yi magana da gulbi, gulbi ya ce shina jiran mu.” Tamba ya ce shi ma ya fasa yankan da ya shirya. Malam Illo ya ce shi dai zai yanke gefen kwari, kawunka ya ce masa, “Kai dai tsoro ya kashe ka tun kana yaro, ko kwaɗo ya yi tsalle sai ka hau tudu.” Aka yi ta dariya. Sun yanke shawara za su yi gayya su sa lauje bayan Juma'a mai zuwa, in ta gama nuna.

Na dawo gida ina jin cewa wahalar da na sha a kanka ba ta tafi a banza ba. Ban saba yabonka ba, kuma ba yanzu zan soma ba. Ka gode wa Allah.

“Abokiyar aiki ce kawai” ba amsa ba ce. Na tambayi sunan ubanta da garinsu. Har yanzu ina jira, kuma ba na son in sake ganin sunanta a takardarka sai tare da su.

Mahaifiyarka,
Asiya.

Birnin Kebbi,
Talata, 12 ga Satumba, 1989.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi, da fatan kin tashi lafiya, da ƙafarki, da Sadatu, da mutanen gida duka. Ki yafe mini takardar da ta wuce.

Inna, yau Hauwa'u ba ta zo aiki ba, ba ta da lafiya, sai na zauna a kujerarta na karɓi aikinta. Da ba don haka ba da ban gani ba. Da hannuna na buga lambar da aka faɗo ta oba-oba daga sama: ƙafa goma sha ɗaya. Injin ya rubuta LAFIYA.

Na sake bugawa. LAFIYA. Na buga tara da rabi don gwaji, ya ce HAƊARI. Na buga ashirin, ya ce LAFIYA.

Laifina ne. Kin tuna na ce na canza shi ya riƙa karɓar komai a matsayin rubutu? To, ban gaya masa ya mayar da rubutun lamba kafin ya gwada ba. Shi kuwa rubutu ba ya auna shi da yawa, jera shi yake yi, kamar yadda kike jera sunayen yara a aji: Adama kafin Bala, ba ruwanki da wanda ya fi tsawo. Yana duba alamar farko kawai. Takwas ba ta kai tara ba, daidai. Amma 11 da ɗaya ta fara, ɗaya kuwa ba ta kai tara ba, sai ya rufe magana ya ce lafiya. Da ruwan ya bi ta tara a idonmu da ya yi ihu. Amma a makon jiya oba-oba ta mutu, aka yi ta buga “babu”. Da ta dawo ruwa ya riga ya tsallake tara ya shiga goma. Tun ran Asabar yake sama da iyaka, takarda tana fitowa da LAFIYA, ita kaɗai muke dubawa. Umarni ɗaya ne ya rage, VAL ake kiransa, shi ke mayar da rubutu lamba. Na saka shi yanzu. Duk wuraren sama sun koma HAƊARI.

Inna, RUWA YANA TAFE. Ki aika Gulma yanzu, kada ki jira la'asar. Kawu ya tara duk wanda zai iya riƙe lauje, a yanke ko ɗanya ce, a kwashe zuwa tudu. A gaya wa Tamba da Malam Illo. In an soma yau za a tsira da mafi yawa. Shugabanmu ya tafi a shirya sanarwar rediyo, ni an hana ni motsawa daga injin. Na roƙi Dankure ya ce miki gaggawa ce.

Ɗanki,
Maliki.

Argungu,
Talata da la'asar.

Maliki,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya.

Takardarka ta iso da azahar. Dankure ko tsayawa bai yi ba, ya miƙo wa Sadatu ta tagar mota yana cewa wai gaggawa ce. Na ce ku yaran yanzu komai naku gaggawa ne.

Na buɗe. Gaisuwar ta yi, na ga ka ji magana. Sai a layi na gaba na ci karo da sunan da na ce kada in sake gani. Ba ta da lafiya, ka zauna a kujerarta, ka karɓi aikinta. Wato gaggawar ke nan. Ciwon ɗiyar mutane ne ya sa ka tayar da direba, kai da ka yi wata guda ba ka tambayi ƙafar uwarka ba.

A nan na tsaya. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin akwati. Ba zan ƙarasa ta ba sai ka aiko mini abin da na tambaya. Ba don ƙiyayya nake yi ba. Yaron da ba a nuna masa iyaka a gida, a waje za a nuna masa, kuma na waje ba su da tausayi.

Zan ba Dankure wannan gobe da sassafe.

Mahaifiyarka,
Asiya.

Birnin Kebbi,
Laraba.

Inna, don girman Allah ki buɗe takardar jiya ki karanta har ƙarshe. RUWA NE. Ba maganar kowa ba ce, ruwa ne, ku yanke shinkafa.

Da na ga amsarki na bar ofis ba izini na hau mota. Mun tarar ruwa ya hau hanya a wani kwari, ya cinye kwalbati, aka juyo da mu. Wannan na ba wani mai jirgin ruwa da ya ce zai bi ta Argungu. Ban san ko za ta same ki ba.

Maliki.

Birnin Kebbi,
22 ga Satumba, 1989.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ku ba. Dankure ya ajiye mota tun da hanya ta yanke. Duk wanda ya fito daga wajenku sai na tare shi a tasha, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce fadamar Gulma ta zama gulbi ɗaya. Wani ya ce ba a rasa rai ba. A ofis an kira ni na yi bayani a gaban manya, ban ɓoye komai ba. Sun ce in ci gaba da zama a kan injin har ruwa ya janye, sannan a san abin da za a yi da ni.

Ko layi ɗaya ne, Inna. Ko faɗa ne.

Ɗanki,
Maliki.

Argungu,
2 ga Oktoba, 1989.

Maliki,

Assalamu alaikum. Ni da Sadatu muna lafiya. Gidan nan ruwa bai shigo ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawunka Labbo ya rasu ran Alhamis da hantsi, an yi masa sutura bayan azahar. Ka yi masa addu'a. Na dawo daga Gulma jiya, shi ya sa ka ji shiru.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ji a tasha a bakin wanda bai sani ba.

Ran Talatar nan da yamma an yi sanarwa a rediyo cewa masu gona a fadama su kwashe abin da za su iya. Ni ban ji ba, rediyona a kashe yake. A Gulma sun ji. Tamba ya ruga wurin kawunka. Inno ta ce yana cin tuwo, bai ko ajiye lomar ba, ya ce, “Rediyo kullum haka ta ka cewa, ta gama da kowa da kowa. Mu muna da namu mutum cikin ofishin. Ya ce ranar da anka ga haɗari shina aiko wa Asiya. In gaskiya ta, da Asiya ta aiko.” Tamba ya koma gida ya rataye laujensa.

Ran Laraba da hantsi ruwa ya soma shiga ta kwari. Kafin azahar ya kai gwiwa. A lokacin mai jirgi ya kawo mini guntuwar takardarka, na ɗaga akwati na karanta ta Talata har ƙarshe. Na fita ko mayafi ban gyara ba. Babu motar da ke zuwa Gulma. Sai washegari na sami jirgi.

Na tarar da gonar ba gona. Ruwa ja, faɗinsa ba iyaka, sai kawunan shinkafa nan da can kamar gashin wanda ke nutsewa. Kawunka yana ciki har ƙirji, yana laluben ta da hannu a ƙarƙashin ruwa yana yanka, yana jefawa cikin jirgi. Mutum mai furfura. Na tsaya a tudu ina kiransa, “Yaya, fito! Yaya, bar ta!” Ya ɗago ya ce, “Asiya, kin iso? Koma inuwa, ƙahwarki.” Ya sake sunkuyawa. Haka ya yi ta yi har ruwa ya fi ƙarfin tsayuwa. Abin da aka fitar bai cika rabin rumbu ba, shi ma da aka shanya ya yi baƙi, ya tsiro. Ta Tamba ta tafi duka. Malam Illo ya tsira da ɗan abin da ya yanka tun farko, kuma bai yi wa kowa gori ba, shi ya yi ta jigilar ta kawunka da jirginsa.

Sanyi ya shiga ƙirjin kawunka. Aka ce mura ce. Da numfashi ya soma yi masa wuya muka kawo shi asibiti a jirgi, aka yi allurai, ya ɗan farfaɗo, ya matsa a mayar da shi gida. A gida ya cika.

Bai zage ka ba. Sau ɗaya ya ambace ka, ya ce, “Yaron ga kada ku tsananta mai. Injin Nasara na, ba a gulbi anka haife shi ba.” Ban gaya masa takardarka ta kwana a gidana ba. Na yi niyya, na ga yadda yake jan numfashi, na fasa.

Mutane suna zuwa gaisuwa. Wasu in sun gaishe ni sai su dubi ƙasa. Matar Tamba ba ta dubi ƙasa ba. A tsakar gida, gaban mata, ta ce, “Malama, ina mai injin? Bai zo ya gwada muna hatsin da za mu ci bana ba?” Tana da gaskiyar tambaya.

Inno da yaranta za su dawo nan in ta gama takaba.

Mahaifiyarka,
Asiya.

Birnin Kebbi,
5 ga Oktoba, 1989.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Kawu, ya gafarta masa, ya ba mu haƙuri. Ya ƙarin haƙuri, Inna.

Ni na kashe shi. Kalma ɗaya na bari a umarnin, kalmar da duk ɗan koyo ya sani. A ofis sun ce gargaɗi kawai za a rubuta mini, don babu wani da ya iya injin. Ni ba zan iya sake zama gabansa ba. Na rubuta takardar barin aiki, ran Litinin zan miƙa. Zan dawo in je Gulma in durƙusa gaban Inno da Tamba, in kama noman rani tare da su. Ki bar kowa ya ci gaba da ɗauka cewa ban aiko ba. Ya fi sauƙi laifin ya tsaya a kaina.

Ɗanki,
Maliki.

Argungu,
7 ga Oktoba, 1989.

Maliki,

Ka yaga takardar barin aikin nan.

Rai na Allah ne, kada in sake jin ka ce ka kashe wani. Kuskurenka kuskure ne, ba zan rage maka shi ba. Ka yi aiki rabi, ka bar shi, mutane suka dogara da shi. Za ka ɗauke shi har ka mutu, kuma ya kamata. Amma ba a gonar albasa za ka biya shi ba. Kai ko riƙon fartanya ba ka iya ba, sai dai ka zama ƙarin baki a gidan da babu hatsi. In ka tashi daga kujerar nan, wani za a ɗora wanda bai taɓa ganin abin da ƙafa goma sha ɗaya take yi wa gona ba. Kai yanzu ka sani. Ka zauna. Gulbi zai sake cika baɗi.

Maganar in bar mutane su ɗauka ba ka aiko ba, ka makara, kuma ko ba ka makara ba, na gaya maka a gidan nan ba a ƙarya. Jiya na koma Gulma da takardarka ta Talata. Na tara Inno da Tamba da matarsa da Malam Illo a inda na karanta musu ta farko. Na karanta musu wannan ma da ƙarfi, tun daga sallama har sa hannu. Na gaya musu ranar da ta iso, da lokacin, da inda ta kwana. Inno ta tashi ta shiga ɗaki. Har na baro garin ba ta fito ba. Ban san ko za ta zo gidan nan kamar yadda aka shirya ba. Na share mata ɗaki dai.

Ka zo addu'ar arba'in, ba kafin nan ba. Ka zo da buhun gero in ka iya, na gidan Tamba ne.

Yarinyar nan ta ofishinku, ka ce ba ta da lafiya. Ban tambaya ba a lokacin. Ka gaishe ta.

Abu na ƙarshe. Daga yau har ruwa ya janye, da kowace damina bayan wannan, in za ka rubuto mini, ka fara da gulbi. Lambar da kanta nake so, ba abin da injin ya ce ba. In ba ka sani ba, ka rubuta ba ka sani ba. Gaisuwa ta biyo baya, zan kai wurinta.

Mahaifiyarka,
Asiya.

Birnin Kebbi,
10 ga Oktoba, 1989.

Inna,

Ƙafa bakwai da rabi a sama, yana sauka. Na duba lambar da idona kafin in tambayi injin. Na gobe ban sani ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ya ƙafarki?

Ɗanki,
Maliki.